Babban Yatsan Ummaru Arzika

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da ba Ya mantuwa. Mu bayinSa kuwa mantuwa halinmu ce, kuma a kan mantuwar mutane na yi sana'ata shekara da shekaru.

Ku 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na yanzu ne kuka ce in rubuta muku yadda aikina yake. Abin da ya jawo maganar, ɗayanku ne ya ce a gabana, yana dariya, wai aikin Baba Isa ko ɗan firamare zai iya: a zauna bayan labule da takarda, in ɗan wasa ya manta a karanta masa. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na zata ranar da aka fara zaunar da ni. Mai tuni ake ce wa mai wannan aiki a ƙungiyarmu, kuma zan gaya muku yadda na same shi.

Ina saurayi ina zama a rumfar littattafan kawuna kusa da Hubbare, ina kwafar waƙoƙin wa'azi da ajami ana sayar wa masu ziyara. Wata rana wani malamin firamare, Malam Haliru, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon hannuna. Shi ne mai ƙungiyar wasa a Ƙofar Taramniya, shi ke rubuta wasannin da boko. Matsalarsa ita ce rabin 'yan wasansa, da tela da mahauci da baduku, ajami kaɗai suke karantawa. Yana neman wanda zai juya wa kowa nasa kason. Na ce sai na tambayi mahaifina. Mahaifina ya kafa sharaɗi biyu: kada a ci naman kowa da sunan wasa, kuma kada wasa ya ci salla. Shi ya sa duk tsawon zamaninmu tsakanin la'asar da magariba muke wasa. Ko ana tsakiyar dariya aka kira salla, labule ya sauka.

Kayan aikina ba su da yawa. Gafaka ta jar fata, wadda takardun ke ciki. Alƙalamin kara, da tawada baƙa da ja. Kujera 'yar tsugunno. Sai ɗan ƙullin citta da nake taunawa kafin a fara, don kada tari ya kama ni. Gyaɗa kuwa ba na kusantarta ranar wasa. Takardun ba a ɗinke su ba, warwara suke kamar littattafanmu na zaure, domin ɗinkakken littafi yana ƙara in an buɗe shafi, warka kuwa, wato falle guda, sai ka zame ta gefe ba wanda ya ji. A ƙasan kowace warka ina rubuta kalmar farko ta warka mai zuwa, yadda magabata ke yi. Su don kada littafi ya rikice suka yi. Ni kuma ya zame mini tsani: idona na kan wannan shafi, bakina ya riga ya san farkon na gaba.

Shekara guda cur Malam Haliru bai bar ni na tuna wa kowa ko harafi ɗaya ba. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya ba ni jar tawada, ya ce, "Bar sauraren 'yan wasa, su ka san abin da za su ce. Saurari mutane." Duk inda aka yi dariya sai in yi ƙawanya ja a gefen layin. Ƙaramar dariya ƙawanya ɗaya, babba uku. Bayan haka ya koya mini murya. Sai ya tsayar da mutum ɗaya taku uku daga gare ni, wani taku shida, ya ce in yi magana na farko ya ji, na biyu kada ya ji. Raɗa ba ta yi, domin raɗa tana da kaifi, tana tafiya nesa fiye da yadda kuke zato. Ƙasa ake yi da murya, daga ƙirji. Kuma kalma biyu ake bayarwa, ba a ba da layi duka. Ka miƙa wa mutum bakin zaren, shi ya ja abinsa.

Wasan da ya fi fito da mu shi ne "Kowa Ya San Arzika". Ga waɗanda ba su gani ba, Arzika wanzami ne da abin duniya ya dame shi saboda ba a san sunansa ba in an wuce lungunsu. Sai ya ɗauki maroƙi ya riƙa bin kasuwa yana kururuta shi. Suna kuwa ya zo. Dangin da bai taɓa gani ba suka sauka gidansa da tabarminsu. Mai tumatir ya ninka masa kuɗi, wai babban mutum ba ya tayi. Masu son aski suka daina zuwa, wai su wane ne da Arzika zai taɓa musu kai. A ƙarshe ya gudu wani ƙauye mai nisa inda ba a san shi ba, ya zauna gindin itace yana hamdala. Sai wani baƙo ya zauna kusa da shi, suka gaisa, ya ce, "Malam, mi as sunanka?" A nan Arzika ke yin shiru. Yana so ya ɓoye, amma zuciyarsa ba ta iya ɗaukar a ce akwai wanda bai san shi ba. Sai can ya fashe: "Kai yanzu duk faɗin ƙasar ga, ba ka taɓa jin Arzika ba?" Ƙawanya uku ce a wurin, kuma na ƙara ta huɗu da kaina.

Ummaru baduku ne ke fitowa a Arzika, har sunan ya bi shi. Ranar da aka fara ba ni gafaka ni kaɗai, a zauren taron wata makaranta ne a Tudun Wada. Komai ya tafi daidai har aka zo wurin tambayar baƙo. Ummaru ya yi shiru. Na san akwai shiru a wurin, na sha ji. Amma jin shiru kana ɗan kallo daban, jin sa kana riƙe da takarda daban. Na ƙirga numfashi biyar, shida, bakwai. Gumi ya karyo mini. Na ce a raina mutumin nan ya manta, sai na saki layin, kuma don tsoro na sake shi da ƙarfi. Layin gaba duka suka ji. Da Ummaru ya maimaita, sai ya zama kamar ɗumamen tuwo. 'Yan tsiraru suka yi dariya, su ma ni suke yi wa.

Bayan an idar da magariba ya same ni ina ɗaure gafaka.

"Kai ɗan malam, wa ya aike ka?"

"Na ɗauka kun mance ne."

"Na mance? Shirun ga nawa na! Wata ukku ina ginin shi, ka zo da bakinka kamar ƙofar gari ka rushe."

Na ba shi haƙuri. Ya tsaya yana huci, sannan ya tuɓe takalmin dama ya ɗora ƙafar a kan kujerata.

"Dubi nan. Ka ga wanga babban yatsa? In na mance, ba ya zama wuri guda, rawa yake yi. Tun ina makarantar allo haka yake in hadda ta ɓace mani, da shi malam ke kama ni. In ka gan shi kwance, ko shekara na yi ban yi magana ba, kame bakinka."

Wannan shi ne karatun da ya fi kowane amfani a sana'ata. Daga ranar na sa aka riƙa ɗage labulen gefe taƙi guda daga ƙasa, na koma kallon ƙafafu. Ashe kowa da tasa alama. Telanmu in ya manta sai ya ɗaga diddige. Mahaucin sai ya haɗa ƙafafunsa kamar mai shirin kabbara. Har ta kai ina gane 'yan wasanmu a cikin kasuwa tun ban ɗaga kai ba.

Masu kiranmu iri-iri ne. Makarantu in za a yi hutu, ma'aikatan lafiya in suna son a jawo hankalin jama'a, sai ƙauyuka bayan an kai gero rumbu. A ƙauye babu labule, bayan zana nake zama, kuma a can ne wata akuya ta cinye mini warka guda ta tsakiyar wasa ina tsaka da kallon ƙafar tela. Da ka na ƙarasa wurin. Dariyar ƙauye kuma ba a inda ta birni take ba. Mutanen birni sun fi dariyar mai tumatir, manoma kuwa in dangi suka sauka da tabarmi har kwanciya suke yi, don kowa ya san irinsu. Mata sukan makara da dariya, su rufe baki da gyale, amma in ta kama su ta fi ta maza daɗewa. Duk wannan sai mai tuni ya sani, domin in ɗan wasa yana jiran dariya ta sauka, ba mantuwa ya yi ba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda gidajen kallon bidiyo suka cika unguwanni. Mun taɓa yin wasa a zauren da 'yan wasa suka fi 'yan kallo yawa, kuma muka yi shi har ƙarshe don Malam Haliru ya ce wanda ya zo ba shi ya yi laifi ba. A daminar shekarar ɗakin da muke ajiya ya rufta a kan kayan wasa da duk takardun Malam Haliru na boko. Kafin kaka shi ma Allah Ya karɓi abinsa, Allah Ya jiƙansa. Ƙungiya ta watse ba tare da wani ya ce ta watse ba. Na koma rumfar littattafai, Ummaru ya koma kan fatunsa. Sai dai shi sunan bai sake shi ba. Yara na binsa a hanya suna "Malam, mi as sunanka?" Masu tumatir na gaske suna ninka masa kuɗi. Yakan ce mini, "Isa, Malam Haliru ba wasa ya rubuta ba, baki ya yi mani."

Gafakar tana rataye a ɗakina har bara, da shugabarku Sa'adatu ta yi sallama a rumfata. Ta karanta wasan kwaikwayo a jami'a, kuma mahaifiyarta ce ta ba ta labarin Arzika. Ta nemi rubutun ko'ina ba ta samu ba, sai aka ce mata akwai wani tsoho kusa da Hubbare. Sati biyu ina karanta ajami kuna bugawa a kwamfuta. Ta ga jajayen ƙawanyu ta ce, "Baba, waɗanga hwa?" Na ce dariya ce. Ta ce, "Dariyar mutanen dauri ke nan." Na ce to, mu gani. Kun ba maroƙi waya yana ɗaukar Arzika hoto yana watsawa, na ga abin ya zauna. Sai Sa'adatu ta zo da shawarar da ta fi kowace: saurayi ya yi Arzika tun daga farko, amma fitowar ƙarshe, ta gindin itace, a ce shekaru sun wuce, Ummaru da kansa ya fito.

Shekara biyu kafin nan Ummaru ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Allah Ya ba shi sauƙi, yana tafiya da sanda, magana ta dawo, amma ƙwaƙwalwa takan yi masa gardama. Da muka je gidansa da maganar, kafin Sa'adatu ta rufe baki ya ce a kawo hular Arzika. Babbar 'yarsa Luba, wadda ke jinyarsa, ta biyo ni har zaure.

"Baba Isa, ku ne babba, ku hana. Jiya sunan jikanshi ya ɓace mashi. Da can dariyar wasanshi ake yi. In ya tsaya gaban garin ga baki buɗe, shi za a yi wa dariya, kuma yaran ga da wayoyinsu, har Kano sai an gani."

"Luba, shekara nawa ina bayan ubanki?"

"Tun ba a haife ni ba."

"To na ɗaukar maki alkawari, da yardar Allah ba ya tsayawa cikin kunya ina zaune."

Ta dube ni ta ce, "Na bar shi hannunku."

A wurin gwaji ya yi ta mantuwa, amma ba ya jiran in tuna masa. Sai ya juyo ya daka mini tsawa, "Isa, mi ab biye?" a yi dariya a ci gaba. Saura kwana biyu sai na ga mai kula da tufafinku ya kawo masa takalmi sau-ciki, baƙi, yana ƙyalli. Na ce a mayar. Aka ce Baba ai ya dace da rigar. Na ce ko da zinariya aka yi shi a mayar, a kawo buɗaɗɗen takalmin fata, kuma a ɗage mini labulen gefe taƙi guda. Na ji wani a cikinku yana cewa tsofaffi da camfi. Sa'adatu ta ce a yi yadda Baba ya ce.

Ranar wasa zaure ya cika tun kafin a idar da la'asar. Tsofaffin da suka ga wasan suna samari sun zo da jikokinsu. Luba na layin gaba, ta ƙanƙame jakarta. Yaranku sun yi ƙoƙari, kuma ina bin jajayen ƙawanyuna ɗaya bayan ɗaya, dariya na faɗowa a kansu kamar an auna. Sa'adatu na tsaye bayana tana leƙen takardar, na ji ta ce a hankali, "Ikon Allah."

Sai Ummaru ya fito da sandarsa. Zaure ya ɗauki tafi da kiran "Arzika! Arzika!" har sai da ya ɗaga hannu. Ya zauna gindin itacen kwali, ya yi hamdalarsa daidai. Baƙo ya zo, suka gaisa.

"Malam, mi as sunanka?"

Shiru. Na kafa ido a kan yatsan dama. Yana kwance. Numfashi biyar, bakwai, goma. A da bai taɓa wuce goma ba. Sha biyu. Sa'adatu ta sunkuyo.

"Baba, ya mance. Ku ba shi."

Na girgiza kai.

"Baba, don Allah! Ku dubi Anti Luba!"

Ban dubi Luba ba, yatsa nake kallo, kuma ko gezau bai yi ba. Layin na bakina, harshena har ƙaiƙayi yake, na danne shi da haƙori. Sha biyar. Sai wata tsohuwa a baya ta kasa riƙewa, ta ƙyalƙyale. Na kusa da ita suka ɗauka. Dariya ta taso daga baya kamar ruwan sama na tahowa a kan kwano, ta mamaye zauren tun bai ce komai ba. A tsakiyarta Ummaru ya buga sanda a ƙasa, ya miƙe, ya daka wa baƙon tsawa:

"Kai yanzu duk faɗin ƙasar ga, ba ka taɓa jin Arzika ba?"

Ban taɓa jin irin wannan dariya ba, ko a zamanin Malam Haliru. Yaron da ke yin baƙo shi ma ya kasa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da labule ya sauka Luba ta zagayo tana share ido da gyale, ta durƙusa ta ce, "Baba Isa, kun cika alkawari. Allah Shi saka." Sa'adatu ta ce a gaban ku duka daga yau kada wanda ya ƙara cewa aikin Baba sauƙi gare shi. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

Muna alwalar magariba a bayan zaure, ni da Ummaru mu kaɗai, na ce masa, "Yau ka kai sha bakwai. Ba don yatsan nan ba da na rushe maka gini karo na biyu."

Ya ajiye buta ya dube ni.

"Wane yatsa?"

"Na dama mana."

"Isa, yatsan ga tun ciwona bai ƙara motsi ba. Ko wuta ka sa mashi."

Na riƙe buta ruwa na zuba a ƙasa.

"Wallahi mancewa na yi ƙaf! Ko sunan wasan ban sani ba. Ina zaune ina cewa cikin raina, ina tsohon banzan ga ya shiga, ko barci ya kwashe shi? Sai da na ji dariyar tsohuwar can, ita ta jawo mani layin, kamar an buɗe ƙofa."

Na ce, "Inna lillahi. Me ya hana ka gaya mini?"

"Kai me ya hana ka tambaya? Shekara arba'in kana kallon ƙafata, ba ka ga ta canza ba?"

Na ajiye butar. Da ni aka je duba shi asibiti, na san ɓangaren da ciwon ya kama, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na riƙe alamar da aka ba ni ina saurayi kamar ba ta tsufa. Alkawarin da na ɗaukar wa Luba ba ni na cika shi ba. Allah ne Ya rufa mana asiri, Ya aiko da dariyar wata tsohuwa da har yau ban san ko wace ce ba.

Ummaru ya ga yadda na yi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe bango.

"Kada ka gaya wa Luba sai an gama wasannin ga. Gobe ka dubi na hagu, shi da sauran ranshi."

To ku da za ku gaji wannan kujera, ga gafaka nan, ga ƙawanyu, duk na bar muku. Amma kafin kowane wasa ku je ku zauna da ɗan wasanku ku tambaye shi lafiyarsa, ku dubi ƙafar da ya zo da ita yau.

Washegarin wancan wasa na ɗauki kujerata na zagaya ɗaya gefen dandamali, inda ban taɓa zama ba tun da na fara aikin nan. Sa'adatu ta ce, "Baba, lahiya kunka canza wuri?" Na ce daga nan an fi jin iska. Yatsan hagu ya yi rawa sau uku a ranar, sau uku na miƙa masa kalma biyu, kuma ba wanda ya ji sai shi.